Wa Ya Kulle Kyamarar Kannywood a Falo?

Duk inda aka tayar da zancen fim ɗin Hausa, a majalisa ne ko a rediyo ko a Facebook, ba a daɗewa sai an gangaro kan tarbiyya. Wane ya riƙe hannun wance, wance ta yi rawa ba mayafi, waƙar nan kwaikwayon Indiya ce. Tun kafin a kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001 ake wannan gardama, kuma ban ce ta banza ba ce, ni ma uba ne. Sai dai ta cinye mana fili har ta hana mu yin wata tambayar da nake ganin ta kai ta nauyi. In jikokinmu suka ɗauko fina-finan da muke yi yau, nan da shekara 50, za su gane yadda garuruwanmu suke? Za su san abin da muke ci, da inda muke kwana, da sana'ar da ke riƙe da gidajenmu?

Sanyin Jos ne ya jawo mini wannan tunani. In hunturu ya kankama, daga sallar isha'i babu mai sha'awar zaman waje, sai bargo da waya. Akwai wani yaro mai tura fim a wata 'yar rumfa a Bauchi Road, kwamfuta ɗaya ce gabansa da igiyoyin caji rututu, mutane na miƙa masa waya ta saman kafaɗar juna. Na ce ya haɗa mini gauraye. Ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Baba, Hausa ko fassara? In kana son wanda ba za ka yi gyangyaɗi ba, fassara za ka ɗauka." Na ce ya zuba duka. Ya sa mini fim ɗin Hausa mai dogon zango, da na Indiya da aka juya zuwa Hausa, da na Turkiyya irin na sarakuna da takubba, da wani na Legas. Daga baya wani ɗan ƙanwata da ke karatun fim a nan garin ya ƙara mini da wani tsohon fim na Iran, ya ce, "Kawu, wannan ba faɗa ba waƙa, amma ka daure ka kai ƙarshe."

Na Hausar na fara da shi, don naka sai naka. Hoto tangaran, sauti ras, babu irin ƙarar iska da kukan awaki da muka saba ji a zamanin kaset. 'Yan wasan ma ba laifi, akwai wata dattijuwa a ciki da in ta harari kishiyar 'yarta sai ka ji gabanka ya faɗi. Amma ga yadda fitowa guda take tafiya. Kyamara ta leƙo gida daga sama. Mota ta yi ham, maigadi ya rugo ya buɗe get, mota ta shiga, maigadi ya rufe get, kuma duk sai an nuna maka, ba a yanke ko daƙiƙa ɗaya ba. Alhaji ya fito, ya shiga falo, ya yi sallama, aka amsa, aka tambayi gajiya, aka tambayi aiki, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Aka kawo lemo a tire da kofuna biyu, aka ajiye, har aka tashi ba wanda ya taɓa shi. Hajiya ta faɗi wata magana, kiɗa ya buga, aka nuno fuskar Alhaji, aka nuno ta Hajiya, aka sake nuno ta Alhaji. Sai tuna baya, aka maimaita mana abin da muka gani a fitowar da ta wuce. Sai tallar turare, sai ta filaye, sai ta maganin sanyi. Da aka dawo, wani falon ne, da wasu kujerun, da wani lemon.

Goggona, wadda ta haura 70 kuma ba ta ƙyale fim ko ɗaya, tana gefe tana ɓare gyaɗa. Can sai ta ce, "Ni kam ɗan nan, mutanen nan ba sa girki ne?"

Ban ga mai sharhin da ya taɓa kama bakin zaren kamar yadda ta kama shi ba. Ba sa girki, ba sa zuwa kasuwa, ba sa bin layin ruwa, wuta ba ta ɗaukewa a gidajensu, ba mai hawa Keke Napep. Alhajin nan, har na kai inda na kai, ban san sana'arsa ba. Yana da "kamfani", yana da "mitin", kwantenarsa ta maƙale a Legas, shi ke nan. Talaka in ya fito, maigadi ne mai washe baki, ko 'yar aiki mai gulma, ko baƙauye da aka kawo don a yi masa dariya. Ba a taɓa barin sa ya zama mai labari, ga shi kuwa shi ne mai kallon, shi ke sayen data da kuɗin cefane.

Da na koma kan na Indiyan sai na gane abin da yaron rumfar yake nufi. Fim ne na kudancin Indiya, irin wanda jarumi zai naushi mutum ɗaya mutum goma su tashi sama, mota ta yi tsalle ta wuntsila ba dalili. Hankali ba zai ɗauka ba. Mai fassarar kuma ya zuba masa bakin 'yan Kano, bos yana cewa "za ka ci ubanka", ɗan sanda yana neman "na goro", har ka manta a wata nahiyar ake. To amma me ake faɗa a kai? Wani mai kuɗi ne ya haɗa baki da ɗan siyasa za su ƙwace gonakin ƙauye. Manomi ya ci bashi, damina ta ƙi, masu bin bashi sun zo sun kwance masa shanu a gaban 'ya'yansa. Ka ga kasuwar kifi da ƙudajenta, ka ga tashar jirgin ƙasa, ka ga tsohuwa tana hura wuta hayaƙi na shigar mata ido. Matashin da ke Gangare ko Rikkos, wanda ya gama makaranta ba aiki, wanda aka taɓa tsare shi a shingen hanya aka lalube masa aljihu, ya san wannan fushin. Ba tsallen motar ne kaɗai ke riƙe shi ba. A fim ɗin wata ƙasa yake ganin damuwarsa, da muryar Hausa da aka ɗora mata a sutudiyo irin su Algaita, alhali fim ɗin da aka yi da harshensa tun daga tushe yana can yana lissafin wa zai auri 'yar Alhaji.

Na Turkiyya ba ni da dogon zance a kansa. Gwamnati ce ta tsaya wa irin waɗannan da gidan talabijin ɗinta, an zuba kuɗi, an gina gari sukutum don fim, kuma sun san abin da suke son duniya ta ɗauka game da kakanninsu. Na Legas ɗin ma cutarmu ɗaya da su ta wani ɓangaren, gidan gilashi da biki da gwaggwaro, sai dai su sun samu sinima. A farkon 2024 wani fim na Funke Akindele ya haura naira biliyan 1 a kuɗin tikiti kawai. Wanda ke sa ran irin wannan kuɗi zai iya rufe titi ya ɗauki fim a tasha.

Na Iran ɗin ne ya hana ni barci. An yi shi a 1997. Yaro ya kai takalmin ƙanwarsa wurin mai gyara, a hanyar dawowa ya tsaya shagon kayan miya yana tsintar dankali, ya ajiye ledar takalmin a gefe, mai kwasar shara ya haɗa da ita. Ƙarshen abin da ya faru ke nan, duk sauran fim ɗin a kan wannan ne. Uban talaka ne, bashi ya yi masa katutu, uwar ba lafiya, don haka yaran suka ƙulla ba za su faɗa ba. Takalmi ɗaya suka koma amfani da shi: ita ta je makarantar safe da shi, ta sheƙo a guje ta lungu, ya karɓa ya zura ya ruga tasa makarantar, kullum a makare. Akwai inda takalmin ya suɓuce daga ƙafarta ya faɗa kwata, ruwa ya ja shi, tana binsa tana kuka. Akwai inda uban ke zaune yana fasa dunƙulen sukarin masallaci, aka zo ba shi shayi, ya ƙi ɗaukar ko ƙwaya ɗaya daga ciki don amana ce. Ba wanda ya juyo ya fuskanci kyamara ya yi mana wa'azin amana. An nuna, an wuce.

Wannan fim ya kai sahun ƙarshe na gasar Oscar a 1999. Daga baya Iran ta ci kyautar fim ɗin harshen waje har sau biyu, a 2012 da 2017. Na kawo wannan ne saboda uzurin da aka fi ba ni in na yi ƙorafi: wai hukuma ta ɗaure mu, malamai sun sa mana ido, ba dama a motsa. To dokar tace fim ta Iran ta fi ta Kano tsauri nesa ba kusa ba. Mace ba ta fitowa ba lulluɓi ko da a ɗakin barcinta ne, namiji ba ya taɓa mace ko da a fim matarsa ce, kuma an ɗaure daraktoci a can saboda aikinsu. Duk da haka ba dokar da ta hana su fita lungu da kyamara. Mu ma babu. Ban san wata aya ko wani sashe na doka da ya haramta nuna mai shayi yana fifita gawayi da asuba ba.

Uzurin da ya fi ƙarfi shi ne na kuɗi, kuma shi ba na raina shi. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 har zuwa lokacin faifan CD, fim ɗin Hausa da kasuwa ya dogara: a buga, a kai wa diloli, mutum ya saya ya kai gida. Satar fasaha da tura fim a waya suka kashe wannan kasuwa murus, kuma ni da na miƙa wa yaron rumfa wayata ba ni da bakin zagin kowa. Gidajen sinima kuwa a Arewa sai ka ƙirga da yatsu. A nan Jos dattawa na ba da labarin Rex da Kwararafa da New Era, yaran yanzu sai dai su ji suna. Abin da ya rage shi ne YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014. A YouTube kuwa yawan mintocin da aka kalla da yawan tallar da aka cusa su ne abinci. Dole kowane mako a saki fitowa, in ka yi fashi 'yan kallo su koma wani wurin. Wanda ke cikin wannan tsere zai kama hayar gida ɗaya ya ɗauki fitowa biyar a ciki, ya juya kujeru ya ce wani gidan ne. Fita titi kuwa masifa ce: yara su yanyame ka, janareton maƙwabci ya ɓata sauti, samarin unguwa su ce sai an sallame su, rana ta faɗi ba ka gama ba. Buɗe get da rufe get ɗin nan da ke ba ni haushi, ba wauta ba ce, cike minti ne.

Na yarda da duk wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ba yadda za a yi. Ai an yi. A 2020 fim ɗin da Najeriya ta tura Oscar, The Milkmaid, yawancinsa da Hausa aka yi shi, a tsaunukan Taraba, a kan 'yan mata Fulani da masu tayar da ƙayar baya suka sace. A 2024 kuma Mai Martaba aka tura, wanda aka ɗauka a Daura. Ba su kai ga kyautar ba, amma sun nuna cewa in ƙasar nan za ta fita kunya a waje, harshenmu da ƙasarmu na cikin abin da take ɗauka. Kuma labarin takalmi bai buƙaci doki ko fada ba. Yara biyu ne da lungu. Kuɗin hayar gidan Alhaji na mako guda ya isa a yi irinsa a Unguwar Rogo, in akwai wanda ya zauna ya rubuta.

Rubutun ne babu. A masana'antar nan marubuci shi ne wanda aka fi rainawa, shi ake biya a ƙarshe, wani lokacin ma a lokeshan ake ƙirƙiro abin da za a faɗa. Jarumi na da mota, mawaƙi na da mota, marubuci na bin bashin kuɗin data.

Abin ya fi yi mini ciwo ne saboda garin da nake zaune. Jos ba baƙuwar kyamara ba ce. A farkon shekarun 1980 daga NTA Jos aka riƙa yin Cock Crow at Dawn, wasan da ƙasa gaba ɗaya ke jira, kuma a kan noma aka gina shi, a gona aka ɗauke shi, ba a falo ba. Hukumar Fina-finai ta Najeriya da aka kafa a 1979 a nan hedikwatarta take, makarantar koyon fim ta ƙasa a nan take, ma'ajiyar tsofaffin fina-finai ta ƙasa ma a nan take. A cikin wannan ma'ajiya aka gano ainihin faifan Shaihu Umar a 2016, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Jamusawa suka taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Fim ne na Hausa da ya bi ayari ya ratsa hamada, shekara 14 kafin a san wani abu wai shi bidiyon Kano. Garin nan ya ba Kannywood mutane irin su Sani Mu'azu da Nafisa Abdullahi da Sadiq Sani Sadiq. Amma ka nemi Jos ɗin kanta a fim ɗin Hausa, abin da za ka samu bai wuce duwatsu da ruwan Assop ba, inda ake zuwa a yi waƙa a koma.

Ga labarai kuwa jibge. Kakannin da yawa daga cikinmu haƙar kuza ce ta kawo su tudun nan, wasu da ƙafarsu, wasu kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, Turawa suka sa aka kwaso su tilas daga ƙasashen sarakuna, suka zo da 'yar riga ɗaya, sanyi da yunwa suka kashe da dama. Kududdufan da aka bari har yau suna nan suna cin yara. Wa ya yi fim a kan wannan? Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, mutanen da suke da shago da yara suka wayi gari suna kasa kaya a bakin titi, wasu har suka mutu ba su farfaɗo ba. Bayan rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 gari ya rabe, akwai wanda aka haife shi a wata unguwa, cibiyarsa na binne a can, amma yau ba ya iya kai magariba a cikinta. Duk da haka je ka Farin Gada da sassafe ka ga manomiya 'yar Birom da dillali Bahaushe suna ciniki a kan kwandon tumatir, tana ce masa "Alhaji ka ƙara mana", yana ce mata "Mama albarka", sun shekara 20 suna cutar juna kaɗan-kaɗan suna kuma bin juna bashi ba takarda. In rikici ya tashi ita ce mai bugo masa waya ta ce kada ya biyo ta hanya kaza. Wannan ba ƙagaggen labari ba ne, duk ɗan Jos ya san irinsa. Kuma da Hausa ake yin sa, Hausar da ake wa'azi da ita a masallaci ake kuma waƙa da ita a coci. Amma a fim ɗinmu in ka ji mai irin wannan Hausar, to an kawo shi ne ya yi gwaranci a yi dariya. Masana'antar da ke kukan ƙarancin kasuwa ta juya wa miliyoyin masu jin Hausa baya, daga Filato zuwa kudancin Kaduna zuwa Taraba, ta ce su ba 'yan gida ba ne.

Su kuma hukumomi, kowa da inda ya sa gaba. A 2016 gwamnatin tarayya ta ce za ta gina ƙauyen fim a Kofa ta jihar Kano, aka yi ca, aka janye. An ɓata watanni ana musu a kan ko wurin zai zama matattarar baɗala, ba wanda ya tambaya wane labari za a ɗauka a ciki in an gina. A 2025 hukumar Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a kan ba su kawo an duba kafin su saki ba. Wannan hurumin ta ne, ba na ja. Amma mai tacewa aikinsa cirewa ne, ba ya iya zuba abin da babu. Ko an cire duk rawar da ke Kannywood gobe, Alhaji zai ci gaba da shiga get ba mu san sana'arsa ba.

Shi ya sa idona ya fi karkata kan hukumar da ke nan Jos, musamman tun da aka ba Ali Nuhu shugabancinta a Janairun 2024, mutumin da ya san ciki da wajen masana'antar, ya san nawa ake biyan marubuci. Ba gini nake roƙo ba. A ware ɗan abin da za a riƙa ba marubuta su zauna wata uku a kan labari ɗaya, da sharaɗin a ɗauke shi a kasuwa ko gona ko tasha. Ɗaliban makarantar fim, irin ɗan ƙanwata, sun iya haske da sauti amma ba su da 'yan kallo. 'Yan Kannywood na da miliyoyin 'yan kallo amma lokaci ya hana su tsayawa su koyi wani abu. Tsakanin Jos da Kano kuwa tafiyar yini ɗaya ce ba ta cika ba. Bikin fina-finai na Zuma da hukumar ke yi a Abuja yana da kyau ga masu kwat da baƙi daga waje, amma mai tura baro a Katako ba zai je Abuja ba. Iyayenmu a fili suka fara ganin fim, motar majigi ce ke zuwa ta kafa farin ƙyalle bayan magariba. A ɗauko Shaihu Umar da aka gyara, a kafa shi a filin wasa na Rwang Pam kyauta, mako mai zuwa a kai Bukuru, na gaba a kai unguwar Nasarawa, a haɗa da gajerun fina-finan ɗalibai, a ga ko mutane za su zauna.